Shanyewar laka: cutar da ke kashe ƙafafu cikin sa'o'i, da abin da ya kamata mazauna zango su sani

Shanyewar laka cuta ce da ke aukuwa idan jini ya daina isa wani sashe na lakar da ke cikin ƙashin baya. Sashen da ya rasa jini yakan mutu, sai saƙon da ke kai da komo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ya yanke. Mutum zai fita nema da ƙafafunsa da safe, kafin la'asar ya kasa motsa ko yatsan ƙafa, alhali bai faɗi ba, mota kuma ba ta buge shi ba. 'Yar uwa ce ga shanyewar ɓarin jiki da kowa ya sani, sai dai waccan a ƙwaƙwalwa take, wannan kuwa a gadon baya. Ba ta da yawa, domin likitoci na ƙiyasta cewa cikin kowace shanyewa 100 da yankewar jini ke haddasawa, kusan ɗaya ce kawai ke faruwa a laka. Ƙarancin nata ne ya sa ba a saurin gane ta.

A unguwa irin Suame da ke arewacin Kumasi, inda babbar matattarar kanikawa ta Suame Magazine take, ciwon baya abokin zama ne. Ana ƙiyasta masu sana'a a wurin sun kai 200,000, tsakanin masu gyaran inji, masu walda, masu gyaran bodi da masu sayar da kayan gyara, cikinsu har da 'yan zango da dama. Wanda ke wuni yana ɗaga giya da tayar babbar mota, idan bayansa ya riƙe ƙafarsa ta yi nauyi, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ƙashi ya goce ko jijiya ta harɗe. Sai a kira mai ɗori, ko a sayo man zafi, a ce a ga abin da gobe za ta yi. A wannan jiran ne ake yin asarar da ba ta dawowa.

Yadda jini ke isa laka

Laka igiya ce ta jijiyoyin saƙo, kaurinta kamar na ƙaramin yatsa, tsawonta kimanin santimita 45 a jikin baligi. Ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ramin ƙashin baya, ta tsaya kaɗan sama da ƙugu. Daga gare ta jijiyoyi 31 ke fita ta dama, 31 ta hagu, suna kai umarnin motsi ga hannu da ƙafa, suna kuma komo da labarin zafi, sanyi da taɓawa. Riƙe fitsari da bayan gida ma ta nan yake bi.

Jijiyoyin jini uku ne ke bin tsawon lakar. Ɗaya tana gaba, ita kaɗai ke shayar da kashi biyu cikin uku na laka. Biyu suna baya, suna raba ragowar kashi ɗayan a tsakaninsu. Na bayan suna da mataimaka, in ɗaya ta toshe ɗayar na iya rufa mata asiri. Ta gaban ba ta da wannan gata, shi ya sa mafi yawan shanyewar laka daga gare ta take fitowa.

Ita kuma jijiyar gaban ba ta wadatar da kanta. Tana samun ƙari daga rassan da ke fitowa daga awota, wato babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta gangara ta ƙirji da ciki. Mafi girman waɗannan rassa ana kiranta da sunan Albert Adamkiewicz, likita ɗan ƙasar Polan da ya bayyana ta a 1882. A jikin yawancin mutane ta hagu take shiga, daidai ƙasan ƙirji, kuma ita ce ke ciyar da sashen lakar da ke kula da ƙafafu da mafitsara. Idan ta toshe, ko jinin da ke bin ta ya yi ƙasa sosai, ƙafafu biyun na iya mutuwa lokaci guda.

Alamomin cutar

Alama ta farko ga mafi yawan masu cutar ita ce ciwo mai tsanani da ke zuwa kwatsam a baya ko a wuya. Wasu kan ji kamar an ɗaure musu ƙirji ko ciki da ɗamara. Bayan mintoci ko 'yan sa'o'i sai ƙafafu su fara nauyi, su saki. Wani bincike da likitocin asibitin Mayo Clinic na Amurka suka wallafa a 2019 kan mutum 133 ya nuna cewa fiye da kashi uku cikin huɗu nasu, cutar ta kai maƙura ne cikin sa'o'i 12 da farawa.

Inda jinin ya yanke shi ke nuna gaɓoɓin da za su taɓu. In a tsakiyar baya ne ko ƙasansa, ƙafafu ne ke mutuwa. In a wuya ne, hannaye ma sukan shiga, har numfashi ya yi wuya, domin jijiyoyin da ke sarrafa numfashi daga lakar wuya suke fita. Fitsari yakan riƙe, mara ta kumbura, ko kuma ya riƙa zuba ba tare da mutum ya sani ba.

Akwai wata alama da ke ruɗa iyalai. Hanyar da ke ɗaukar labarin zafi da sanyi tana gaban laka, wadda ke ɗaukar labarin taɓawa da matsayin gaɓa kuwa tana baya. Don haka mai cutar na iya jin an dafa masa ƙafa, ya kuma faɗi ko an lanƙwasa masa yatsa sama ko ƙasa, amma a tsira masa allura ko a zuba masa ruwan zafi bai ji ba. Sai 'yan uwa su ce ai tunda yana jin taɓawa ba shanyewa ba ce. A wurin likita kuwa, wannan rarrabuwar ita ce babbar shaidar cewa jijiyar gaba ce ta toshe.

Bambancinta da shanyewar ɓarin jiki a fili yake. Baki ba ya karkacewa, magana ba ta sarƙewa, hankali na nan daram. Kuma maimakon gefe ɗaya na jiki, yawanci gefe biyun ne ke taɓuwa, daga wani layi a jiki zuwa ƙasa. A kwanakin farko ƙafafun kan yi laƙwas, bayan 'yan makonni sai su fara sandarewa suna fizga. Wani lokaci kuma raunin kan zo ya wuce cikin mintoci. Wannan ba waraka ba ce, gargaɗi ne, kuma shi ma asibiti yake bukata a ranar.

Abubuwan da ke kawo ta

Na farko shi ne lalacewar jijiyoyin jini sannu a hankali, irin wadda hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini da shan taba ke jawowa. Bangon jijiya yakan yi kauri, hanya ta ƙuntata, har ranar da gudan jini zai rufe ta.

Na biyu matsalar awota ce. Bangonta na iya tsagewa, musamman ga mai hawan jinin da ba ya shan magani, sai rassan da ke zuwa laka su rufe. Mai wannan yakan ji ciwo kamar ana yaga shi a ƙirji ko tsakanin kafaɗu. Tiyatar da ake yi wa awota ma sanannen dalili ce, shi ya sa likitoci ke gargaɗin majiyyaci kafin a shiga da shi.

Na uku faɗuwar jini ƙasa sosai, kamar bayan zubar jini mai yawa a haɗari ko wajen haihuwa, ko tsayawar zuciya.

Na huɗu ya fi shafar matasa masu ƙarfi. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai guringuntsi mai laushi. Idan mutum ya yi yunƙuri mai ƙarfi, kamar ɗaga kaya mai nauyi ko murɗa baya, ɗan ɓarɓashin guringuntsin na iya kutsawa cikin jijiyar jini ya toshe ta. An fara bayyana wannan a jikin ɗan Adam a 1961, kuma likitocin dabbobi sun san shi sosai a jikin karnuka. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma dubban masu ɗaga kaya za su ƙare aikinsu ba su gamu da shi ba. Amma shi ne dalilin da ya sa ƙarancin shekaru ba hujja ba ce ta zama a gida.

Sai amosanin jini, wato sikila, inda ƙwayoyin jini ke lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi. An fi ganin illarsa a ƙwaƙwalwa, amma yana iya taɓa laka. A Ghana kimanin jarirai 2 cikin 100 ake haifa da cutar, kuma a Kumasi ne aka fara gwajin jarirai tun daga haihuwa a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Sauran dalilai sun haɗa da tunjere da ya daɗe a jiki, kumburin jijiyoyin jini, da shan hodar iblis. Akwai kuma waɗanda za a yi duk gwaje-gwaje ba a gano sanadin ba.

Cututtukan da ke kama da ita

Ba kowace mutuwar ƙafafu ce shanyewar laka ba, kuma wannan ne babban dalilin gaggawa. Tarin fuka na iya cin ƙashin baya har ya danne laka. Kansa, musamman ta mafitsarar maza da ta nono, tana iya yaɗuwa zuwa ƙashin baya. Maruru ko taruwar jini a cikin ramin ƙashin ma suna danne laka. Irin waɗannan, idan aka yi tiyata ko aka fara magani da wuri, mutum na iya tashi ya taka. Idan aka kwana biyu ana jira, lakar da aka danne ta mutu.

Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da kogi, kamar a yankin tafkin Volta da gaɓar kogin Neja, ƙwanta na iya maƙalewa a laka, kuma tana da magani. Akwai kumburin laka da garkuwar jiki ke haddasawa, da cutar Guillain-Barré da ke fara raunana ƙafa ta hau sama cikin kwanaki. Babu mai iya rarrabe waɗannan da ido a tsakar gida.

Hausawa sun daɗe suna danganta shanyewar gaɓa da iskoki. Sunan cutar shan inna kansa daga nan ya samo asali. Daga baya aka tabbatar ƙwayar cuta ce, aka yi ta rigakafi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar a watan Agusta na 2020. Shanyewar laka ma tana da sanadin da ake gani a hoto. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana iya yin ta a cikin mota.

Abin yi a sa'o'in farko

Duk wanda ƙafafunsa suka yi rauni kwatsam, ko ciwon baya ya zo masa tare da mutuwar jiki ko riƙewar fitsari, a kai shi babban asibiti nan take. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin tambayar farko ke nan da likita zai yi. A kwantar da shi a miƙe. In akwai zaton ya faɗi ko wani abu ya buge shi, a ɗauke shi a kan katako ko ƙofa, kada a naɗe shi a bayan babur. A tafi da magungunan da yake sha da katin inshorar lafiya. A Ghana lambar neman motar asibiti ita ce 112.

Kada a ja ƙafa ko a taka baya da sunan gyara. Kada a yi ƙaho ko sakiya. Kada a gasa jiki da ruwan zafi ko garwashi, domin fatar da ba ta jin zafi tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Kada a ba shi asfirin a gida, saboda in zubar jini ce ko tsagewar awota, zai ƙara ta'azzara ta. Kada kuma a ƙara masa maganin hawan jini don an ga awo ya hau, domin saukar da jini da sauri na rage wanda ke isa laka.

Ga mazauna Suame, Tafo, Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi, wurin zuwa shi ne Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari suka fi sani da Gee. An gina shi a shekarun 1950, ya zama asibitin koyarwa a 1975, kuma nan ake turo manyan larurori daga yankin Ashanti da maƙwabtansa. Tsakaninsa da Suame 'yan kilomita ne, cunkoson shataletale ne kawai ke tsawaita tafiyar. Wanda ya fara zuwa ƙaramin asibiti ya nemi takardar turawa ba tare da ɓata lokaci ba.

'Yan zango mutanen tafiya ne, kuma cutar na iya samun direba ko ɗan kasuwa a hanya. Dokar ɗaya ce ko'ina: a nufi asibiti mafi girma da ke kusa, kamar Korle Bu a Accra, asibitin koyarwa na Tamale, Sylvanus Olympio a Lome, Yalgado Ouédraogo a Wagadugu, babban asibitin ƙasa na Yamai, ko na Malam Aminu Kano a Kano. Kuskure ne a ɗauki majiyyaci tafiyar kwana biyu don a kai shi gida wurin dangi kafin likita ya gan shi.

Gwaji da magani

Babban gwajin shi ne hoton MRI, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira IRM. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka. Aikin farko na MRI shi ne tabbatar da cewa babu abin da ke danne lakar. Idan yankewar jini ce, sau da yawa akan ga ɗigo biyu masu haske a gaban laka, waɗanda likitoci ke kwatantawa da idon mujiya. Hoton ranar farko na iya fitowa lafiya ƙalau, sai an sake bayan kwana ɗaya ko biyu tabon ya bayyana. Don haka idan likita ya ce a maimaita, ba neman kuɗi ba ne. Akan kuma yi gwajin jini, a ɗebi ruwan baya da allura, a duba zuciya da awota.

Har yanzu babu wani magani da aka tabbatar yana farfaɗo da lakar da ta riga ta mutu. Allurar narkar da gudan jini da ake yi wa mai shanyewar ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i huɗu da rabi ba ta zama ƙa'ida a laka ba. Abin da asibiti ke yi shi ne ceto sashen da bai mutu ba: a riƙe jini a matakin da zai isa laka, a taimaki numfashi, a sa robar fitsari, a ba da maganin hana jini daskarewa a ƙafa, a magance sanadin, sannan a fara maganin da zai hana maimaituwa.

Tsarin inshorar lafiya na Ghana, NHIS, wanda aka kafa a 2003, yana rage nauyi, amma ba kowane gwaji yake ɗauka ba. Iyalan da kuɗi ya gagara su nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin. Nan ne kuma gudummawar masallaci, ƙungiyar sana'a da 'yan uwa na ƙetare ta fi amfani, a makon farko, ba bayan wata uku ba.

Jinya a gida

Abin da ya fi kashe masu wannan cuta bayan sallama ba lakar ba ce, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara da daskarewar jini. Dukkansu ana iya kauce musu. A riƙa juya majiyyaci duk bayan sa'o'i biyu, dare da rana. A duba ƙugu, ɗuwawu da dunduniya kullum, ja ko duhun da bai gushe ba farkon gyambo ne. Shimfiɗa ta kasance busasshiya, mara tattara. Mai jinya ya taɓa ruwan wanka da na alwala da hannunsa kafin ya zuba. A sha ruwa sosai, a kula da tsaftar robar fitsari, a sauya ta a lokacin da aka ce. Zazzaɓi, fitsari mai wari, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, duk dalilai ne na komawa asibiti. Ga wanda cutar ta kama daga ƙirji zuwa sama, ciwon kai mai tsanani da gumi kwatsam na iya nufin robar ta toshe, kuma abin gaggawa ne.

Gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru, shi ne ginshiƙin samun sauƙi. Ana fara shi tun a gadon asibiti, a koya wa iyali su ci gaba a gida. Sauƙin yakan zo a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Binciken Mayo Clinic na 2012 kan mutum 115 ya nuna cewa cikin waɗanda aka sallama a keken guragu, kashi 41 cikin 100 sun koma tafiya daga baya, wasu da sanda, wasu ba sanda. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka sallama da robar fitsari sun rabu da ita. Wanda ya rage da ɗan motsi a kwanakin farko ya fi samun sauƙi. Wasu kuma keken zai zame musu abokin rayuwa, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa iyali, don kada masu tallan magani su cinye musu jari.

Nakasar ƙafa ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ko gwanintar hannu. Makanikin da ya san inji zai iya gyaran lantarkin mota a kan tebur, ko koyar da yara, ko tsaron shago. Dokar masu bukata ta musamman ta Ghana ta 2006 ta amince da haƙƙinsu na aiki da shiga gine-ginen jama'a, kuma akwai kason da ake ware musu a asusun ƙananan hukumomi, wanda ake nema ta ofishin jin daɗin jama'a.

Rigakafi

Abin da ke kare ƙwaƙwalwa shi ke kare laka. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Ghana da Najeriya, ciki har da Kumasi, Kano da Zariya, aka kuma wallafa a 2018, ya duba mutum fiye da 2,000 masu shanyewar ɓarin jiki. Ya gano cewa hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma. Ya kuma nuna cewa ƙara gishiri a abinci da shan taba na ƙara haɗari, yawan cin ganye kuwa na rage shi. Zogale, alayyafo da kontomire ba su da tsada a kasuwannin Kumasi.

Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, awo ne kaɗai ke tona shi. Baligi ya riƙa aunawa ko yana jin garau, wanda aka ɗora kan magani kuma kada ya daina don ya ji sauƙi. Mai ciwon suga da mai sikila su riƙe ranakun ganin likita. Masu ɗaga kaya su durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa, su yi amfani da jek da sarƙa, su nemi hannu na biyu. Kowane shago da kowane gida kuma ya san wannan: ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko riƙewar fitsari ba ya kwana a gida.